Sauran Minti Uku

A layin nan kowa Tela yake ce mata, har mijinta. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana zama a kujera ɗaya, gaban keken ɗinki ɗaya, a ɗakin gaba na gidansu da ƙofarsa ke kallon titi. Tana aji biyu a sakandare mahaifinta ya rasu, aka miƙa ta ga gwaggonta mai ɗinki, kuma a can ta koyi riƙon almakashi da riƙon baki. Gwaggon mace ce da ba ta yarda a yi surutu ana yanka yadi ba, in ka yi tari ma sai ta harare ka.

Gajeriya ce, mai sanyin tafiya, tef ɗin awo ba ya barin wuyanta ko kasuwa za ta. Tana da littafin awo mai baƙin bango, da fensir da take fiƙewa da reza har sai ya gagari riƙo. A cikin littafin akwai kafaɗu da ƙugun rabin mutanen layin, shekara bayan shekara, don haka takan san wanda ya samu sauƙin rayuwa da wanda wani abu ke ci a ciki tun kafin maƙwabta su farga. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Abu ɗaya masu kawo ɗinki suke yi mata tsiya a kai: ba ta yanke rarar yadi, sai ta naɗe shi ta ciki. In aka ce ɓarna take yi, sai ta ce, "Yau na auna ki. Ban san baɗi ba."

Mijinta kuwa Jan Biro ake ce masa, sunan da ya samo a maɗaba'ar da ya yi shekara talatin yana duba kurakurai kafin a buga littafi. Mutumin kirki ne, wannan ba a ja. Ba ya zagi, ba ya daka tsawa, maƙwabci bai taɓa kawo ƙararsa ba. Sai dai Allah ya yi shi da idon da ba ya iya wuce kuskure. Yana tafiya a titi zai ga allon shago an rubuta ba daidai ba, ya tsaya ya yi sallama a kira masa mai shagon. Shi ya yi ritaya, biron bai yi ba, ya dai koma bakinsa.

Shekara goma sha tara da suka wuce ya roƙe ta rabin ɗakin ɗinkinta. Ya ce akwai abokansa da ke son wurin zama ranar Asabar su tattauna littattafai da tarihi da labaran duniya, kuma teburin mai shayi ya yi musu hayaniya. Ta ba shi. Kafinta ya zo ya raba ɗakin da bangon katako, katakon ya gaza, ya rage kamar taƙi biyu bai kai rufi ba. Aka ce za a cike, ba a cike ba har yau. A ɓangarensu aka sa benci biyu da tebur da kanta mai littattafai, a ɓangarenta keke da dutsen guga da ita.

Zaman Asabar suke kiransa, ƙarfe huɗu ake farawa. Ran da aka cika sukan kai goma sha biyu, ran ruwan sama biyar. Uku ne ba sa fashi. Akwai Lauya, wanda bai taɓa taka kotu ba, tayar mota yake sayarwa, gardama ce ta ba shi sunan. Akwai Direba, da ya yi shekara ashirin da biyar yana jan bas, yanzu ba abin da yake ja sai maganar daulolin da suka faɗi. Sai Nas, mace guda a cikinsu, wadda takan zo daga asibiti da farin takalminta, ta yi shiru har a kusa tashi, sannan ta faɗi magana ɗaya da Lauya zai yi mako yana neman amsarta.

Dokokinsu uku ne, Jan Biro ne ya tsara su, kuma yana ji da su fiye da yadda yake ji da gidan. Akwai gwangwanin madara a kan kanta mai tsaga a murfi. Duk mai tambaya ya rubuta ya jefa, ba suna, kuma ba a tambayar wa ya rubuta. Kowace Asabar a girgiza a zaro ɗaya. Kowa minti biyar gare shi da agogon tebur mai ƙararrawa, kuma ko shirme yake zubawa ba a katse shi. Ta ukun ita ce mai wuya: kafin ka mayar wa mutum martani sai ka maimaita abin da ya faɗa, shi kuma ya ce, "Haka na ce." In bai ce ba, ka sake. An taɓa cinye zama guda cur Lauya yana ƙoƙarin maimaita maganar Direba.

Tun farko Tela ta daina taka keke ranar Asabar da yamma. Sai ta tara aikin hannu na mako, sa maɓalli da kalmasa da warware ɗinki, ta ajiye wa wannan lokacin. Mutanen zaman suka ɗauka kara take yi musu, har Direba yakan ɗaga murya ya ce, "Uwar ɗaki, mun gode da shiru." Ba kara ba ce, ji take yi. Ta wannan taƙi biyun ta ji an yi gardama ko mutum yana da zaɓi ko an riga an rubuta masa, ta ji dalilin da ke sa burodi tsada idan aka yi yaƙi a wata uwa duniya, ta ji ko dabba tana tunani. Tana tuna kowace muhawara da kayan da ke hannunta a ranar. Maganar zaɓi da ƙaddara, rigar makaranta ce shuɗiya mai maɓalli shida. Sau da yawa amsa takan zo mata har baki, ta cije ta tare da zare. Mijinta bai san tana ji ba, domin bai taɓa tambaya ba.

Ta wannan katakon ne kuma ta ji abin da ya shiga tsakanin mijinta da ɗansu.

Ɗa ɗaya gare su namiji, Dogo, sai mata biyu da aure ya kai su nesa. Dogo bai bi littafi ba, walda ya koya, kuma ya iya. Shekara biyar da suka wuce, yana da ashirin da huɗu, ya yi wanka wata Asabar, ya sa rigar da ta ɗinka masa ya shiga zaman, ba wanda ya gayyace shi. Ita ta san dalili: so yake ubansa ya ji shi yana magana a cikin manya. Tambayar ranar ita ce ko manyan mutane ne ke yin tarihi ko talakawa. Da layi ya zo kansa aka murɗa agogo, ya fara da rawar murya, yana cewa duk gadar da aka sa wa sunan wani babba, akwai hannu ɗari da suka haɗa ƙarfenta ba wanda ya rubuta su. Ya kawo misalin wata tsohuwar gada, ya faɗi shekarar da aka gina ta.

"Ba wannan shekarar ba ce," in ji Jan Biro.

Dogo ya gyara, ya ci gaba. Ya faɗi tsawon gadar.

"Nan ma ka ƙara. Ka ga, ɗana, je ka karanta tukuna, sai ka dawo ka koya mana."

Aka yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda manya ke yi wa na ƙasa da su. Dogo ya tashi ya ce, "Na gode, Baba," ya fita. Tela tana riƙe da wandon wani, ta ji takunsa ya wuce ƙofarta bai leƙo ba. Agogon ya ci gaba da tafiya shi kaɗai har ya buga ƙararrawa, sannan aka ba na gaba.

Tun daga ranar ba su yi faɗa ba, kuma wannan ne ya fi ci mata rai, don faɗa ana iya shiga tsakani. Dogo yana gaishe da ubansa da ladabi. "Ina kwana, Baba." "Lafiya lau." Ya yi aure, ya kama gida a can ƙetaren gari, ya samu 'ya. Idan ya zo sai ya gaishe da uban a tsaye, ya wuce ɗakin ɗinki, ya zauna a kan tulin yadi ya yi ta zuba wa uwarsa hira, har da kwaikwayon muryar ubangidansa na wajen aiki. Da ya ji tarin uban a tsakar gida sai bakin ya mutu. Sau uku ta yi wa Jan Biro maganar a shekara biyar, duk amsar ɗaya ce. "Me na yi masa, Tela? Shekarar ce ba daidai ba. In bar shi ya faɗi kuskure a gaban mutane?" Kafin ta haɗa magana ta biyu ya riga ya buɗe jarida.

A farkon watan nan Dogo ya zo ya gaya mata ya samu aikin gina gada a wata ƙasa mai nisa, shekara huɗu, zai tafi da iyalinsa Litinin ɗin ƙarshen wata. Ta sa masa albarka, ta ce ya miƙe ta auna shi, ba zai shiga cikin baƙi da tsofaffin kaya ba. Tana zagaya tef a kafaɗarsa tana wani tunanin daban. Ubansa ya haura sittin da takwas, yana shan maganin hawan jini safe da yamma. Tsoro ya kama ta sosai, tsoron kada yaron nan ya dawo ya tarar uban ba ya nan, ya zamana maganar gaske ta ƙarshe a tsakaninsu ita ce "je ka karanta."

Asabar uku suka rage. Ta san wuri ɗaya ne a duniya da mijinta yake sauraron magana har ƙarshe. Ranar Juma'a da safe, da ya fita sayen jarida, ta yagi gefen wani shafi a littafin awo, ta lashi fensir ta rubuta: "Idan mutum ya faɗi gaskiya, gaskiyar ta kori wanda yake magana da shi, ya yi daidai ne? Kuma a cikinsu wa ya kamata ya bi wani?" Ta shiga ɓangarensu da tsintsiya, ta jefa a gwangwani.

Asabar ta farko aka girgiza, aka zaro tambaya a kan ko na'ura za ta iya tunani irin na mutum. Awa biyu suna kai. Tela ta sa maɓalli a baibai ta warware har sau biyu, a ranta tana cewa ku gama da mutanen tukuna.

Ba ta da lokacin jiran sa'a. Juma'a ta gaba ta juye gwangwanin kaf a cikin akwatin maɓallanta. Ta yagi shafin ƙarshe da ta yi rubutu a kai, wanda bayansa yake fari, ta yanka shi bakwai da almakashi, ta rubuta tambayar nan sau bakwai, ta nannaɗe ta zuba. Maguɗi ne, ta sani. Ta nemi gafarar Allah, da ta Direba, wanda tambayarsa a kan faɗuwar wata daula ta koma kwana a cikin maɓallai.

Jan Biro da kansa ya zaro ta washegari, ya karanta da muryarsa ta karatu. "Madalla," ya ce. "Wannan tambaya ce."

Lauya ya ce gaskiya gaskiya ce, duk wanda ta kora dama ba mazauni ba ne. Direba ya ce shi ya ɗauki fasinja shekara ashirin da biyar, kuma in ka raɗa wa mutum cewa ya shiga motar da ba tasa ba, ka taimake shi, amma in ka faɗa mota duka ta ji, gobe gara ya taka da ƙafa. Nas ta ce su a asibiti ba allurar yau kaɗai suke dubawa ba, suna duba ko mara lafiyan zai yarda ya dawo a yi masa ta gobe. Sai aka murɗa wa Jan Biro agogo, kuma gaskiya ranar ya yi magana.

"Shekara talatin ina gyara," ya ce. "Abin da aikin ya koya mini shi ne ba a sa biro a takarda sai an karanta ta har ƙarshe. Wanda ya gyara mutum kafin ya gama magana, ya ƙwace masa ƙarshen maganarsa ne, kuma har abada ba zai san me ke ciki ba. Shi ya kamata ya bi shi, ko da shi ne babba. Ba don ya yi ƙarya ba, don ya yi gaggawa."

Aka tafa masa. A bayan katako Tela ta ajiye allura. Ta ɗauka ya gane. Da aka watse ya shigo ɓangarenta fuska a sake, irin ta wanda ya ci gardama.

"Tela, yau an yi zama. Wani ya kawo tambaya mai ma'ana." Ya zaro takardar daga aljihun gaba, ya kai ta kusa da taga. "Abin da ya dame ni, na rasa hannun waye. Na san rubutun kowa a zaman nan. Ba na Lauya ba ne, nasa kamar kiyashi ya faɗa tawada ya fito. Wannan rubutu ne mai natsuwa, na mutumin da ya yi tunani. Wataƙila sabon malamin nan ne da ya fara zuwa."

Littafin awo yana buɗe a kan keke, dab da gwiwar hannunsa.

"Shi mutumin da ke cikin tambayar fa, Malam?" ta ce. "Ka san shi?"

"Wane mutum? Ai misali ne, Tela. A falsafa ba a nufin kowa." Ya yi mata murmushi, ya mayar da takardar aljihu, ya tafi neman silifas ɗinsa.

Ta ji zafi iri biyu. Na farko dama ta san zai iya zuwa. Na biyun ne ya zo mata ba shiri: shekara talatin da uku da aure, mutumin da ke gane hannun mai sayar da taya bai san rubutunta ba. Makon nan ba ta yi masa magana ba sai wadda ta zama dole, shi kuwa bai lura ba, yana ta fama da neman mai rubutu. Ta sa kai a keke ta ƙarasa ɗinka wa Dogo riga huɗu da wando uku, kowanne da rarar yadi a ciki. Ta yi niyyar mayar wa mutane tambayoyinsu, zuciya ta hana ta. Ko ƙofar ɓangarensu ba ta son gani, ta riga ta fid da rai.

Asabar ta ƙarshe Direba ne ya girgiza. Ya zaro, ya karanta, ya tsaya. "An manta ba a jefar da ta makon jiya ba."

"Ta makon jiya tana aljihuna," in ji Jan Biro.

Aka sake zarowa, ita ce. Lauya ya karɓi gwangwanin ya juye a tebur, da biyun da aka zaro takarda shida, hannu ɗaya, fensir ɗaya. Ya ce shekara goma sha tara ba a taɓa yi musu maguɗi ba, dole a bincika. Direba ya ce a tsaya tukuna, ai wannan ma tambaya ce, shin maguɗi yana halatta idan don a ji magana mai kyau ne. Da a ce an bar su, da sun murɗa agogo sun shiga wannan ɗin har magariba, don su mutane ne da ko gobara ta tashi sai sun fara tantance ma'anar wuta. Nas kuwa ta matso kusa da tebur. Ta juya takardun ta baya, tana jera su gefe da gefe har suka koma shafi.

"Kafaɗa goma sha tara," ta karanta. "Hannu ashirin da bakwai. Tsawon wando arba'in da huɗu. Saura guda, ta sama. Malam, ba ni taka."

Jan Biro ya zaro ta. Mako guda tana aljihunsa, ya karanta ta ya fi sau ashirin, bai taɓa juya bayanta ba. Ya juya yanzu. An rubuta: Dogo, kayan tafiya.

Nas ta ɗaga kai wajen taƙi biyun nan da katako bai kai ba. "Yaya, ko za ki shigo? Tambayarki ce."

Tela ta so ta ce aiki ya yi mata yawa. Sai ta ga ta miƙe. Ta shiga da tef a wuya, karo na farko a shekara goma sha tara da ta taka ɗakin ba tsintsiya a hannu. Direba ya matsa mata a benci. Nas ta jawo agogo ta murɗa. "Minti biyar, ba katsewa," ta ce, tana kallon inda ya kamata.

"Ni ban yi karatu ba," in ji Tela, "amma duk abin da kuka faɗa a ɗakin nan na ji. Na ji kun saurari mutumin da ya ce duniya a shimfiɗe take kamar faranti, minti biyar cif, ba wanda ya yi tari. Ɗana ya shigo nan sau ɗaya. Sai da ya goge takalminsa, ya tambaye ni ko wuyan rigarsa ya zauna. Ba gada ce ta kawo shi ba, zuwa ya yi ubansa ya ji shi. Aka katse shi sau biyu, aka yi dariya, har da ku. Jibi zai tafi, shekara huɗu. Ban ce Malam ya yi ƙarya ba, shekarar ba daidai ba ce, na yarda. Ni dai har yau ban san abin da yaron nan ya so ya faɗa a ƙarshe ba, kuma ubansa ma bai sani ba. Shi ke nan."

Lokacinta bai ƙare ba, amma doka doka ce, ba wanda ya yi magana har ƙararrawa ta buga. Kowa ya juya ga Jan Biro. Ya gyara murya.

"Kin ce idan mutum ya gyara wani a gaban jama'a..."

"Ba haka na ce ba, Malam."

Ya sake gwadawa. "Kin ce uba, wani lokaci, ba da niyya ba, yakan..."

"Ba haka na ce ba."

Ya cire tabarau ya ajiye a tebur. Ba tare da su ba fuskarsa ta koma ta tsoho. Ya daɗe yana kallon takardar da ke hannunsa.

"Kin ce ni na katse Dogo," ya ce a hankali. "A ɗakin nan, a ƙarshen wancan bencin, yana sanye da riga mai ruwan ƙasa. Ni na kafa dokar, ni na karya ta, a kan ɗana. Minti biyu ya yi, saura masa uku. Ina kallon agogon nan ya cinye su bayan ya fita."

Ita ba ta faɗi launin riga ba, ba ta faɗi minti ba. Nan ta gane ashe bai manta ba, ajiyewa ya yi a inda ba zai riƙa gani ba, kuma tausayinsa ya kama ta har ya kusa danne haushin.

"Haka na ce," ta ce.

"Amma fa ya ƙara da abin da ba ta faɗa ba," in ji Lauya. Direba ya taka masa ƙafa.

Jan Biro ya mayar da tabarau, ya miƙe, ya ɗauki agogon ya sa a aljihun riga. Ya kai ƙofa ya tsaya. Sau ɗaya ya taɓa zuwa gidan ɗansa, shi ma a motar wani. "Tela, wace mota ce ke zuwa wajensa?" Direba ya fara bayanin hanya uku da ribar kowacce. Tela ta koma ɓangarenta ta ɗauko ƙullin kayan, da zare da allura, don riga ɗaya ba a gama sa mata maɓalli ba. "Mu je," ta ce. "Dama zan kai masa kaya."

Suka shiga bas. Agogon yana ta ƙas-ƙas a aljihunsa, har wata mata da ke gefe ta riƙa waiwayowa. Gidan hawa na biyu ne, rana ta yi sanyi amma ba ta faɗi ba. Surukarsu ta buɗe ƙofa da 'yar a kafaɗa, ta ga wanda ke tsaye, gaisuwa ta sarƙe mata a baki. Ɗakin duk kwalaye ne ɗaure da igiya. Dogo ya miƙe daga tsakiyarsu.

"Baba. Lafiya dai?"

"Lafiya lau," in ji Jan Biro, sai ya ji abin da ya faɗa, ya girgiza kai. Ya zauna a kan wani kwali, ya fito da agogon ya murɗa, ya ajiye a kan wani. "Kana da minti uku da ban ba ka ba. Maganar gada. Ina jin ka."

Dogo ya dubi agogon, ya dubi uwarsa. "Umma, me ke nan?"

Tela ta rungumi ƙullin kayan. Ta kama hannun surukarta suka fito, ta jawo ƙofar, ta bar ta ba ta rufu duka ba. Suka zauna a kan matakala. Ta kwance ƙullin ta zaro rigar ƙarshe, ta sa zare a allura. Zaman bayan bango ba baƙonta ba ne.

Aka daɗe ba a ji komai ba sai agogo, har ta fara tunanin lokacin zai sake ƙarewa a banza. Sai ta ji muryar Dogo, ƙasa-ƙasa, tana rawa kamar wancan karon. Ya fara daga hannu ɗarin da ba wanda ya rubuta. Ya zo kan tsohuwar gadar, ya faɗi shekarar da aka gina ta, kuma shekarar nan ce dai ta farko, wadda ba daidai ba. Ko mantuwa ce ko gwaji, Tela ba ta sani ba. Ta tsayar da allura a tsakiyar maɓalli. Ta ji mijinta ya ja numfashi, ta ji kwalin da yake zaune a kai ya yi ƙara.

"Ina jin ka," ya ce.

Can ƙararrawa ta fara bugawa, wani hannu ya danne ta nan take, muryar Dogo ta ci gaba. Ya wuce gada ya shiga maganar ranar da ya fara riƙe ƙarfen walda, da wanda ya so a ce yana wurin ya gani. Wannan ɓangaren ko ita ba ta taɓa ji ba. Surukar ta miƙo mata gefen mayafi, ta ce a'a, zare ne ya shige mata ido. Saura maɓalli huɗu, ta riƙa sa su a hankali don kada su ƙare da wuri.